Mayar da taga ƙofa a gidan Niyu Zilan: sai da izinin gini?

Tambaya: Barista, muna da gida a Niyu Zilan, ƙasa da bene ɗaya. Ina so in cire tagar falo in sa ƙofar gilashi mai fita bayan gida. Kafinta ya ce ba sai mun nemi izini ba, maƙwabcina kuma ya ce hukumar gari za ta ci ni tara. Wa zan bi?

Malam, kafintanka ya fi kusa da gaskiya, amma bai ƙarasa maka zancen ba.

Dokar Gini ta 2004 ta ce kowane aikin gini sai da izinin hukumar gari, sai dai wanda Jadawali na 1 ya cire. Sakin layi na 8 na jadawalin ya cire aikin taga da ƙofar waje a gidan zama da ya riga ya tsaya, muddin bai wuce hawa biyu ba. A lissafinsu ƙasa ma hawa ce, don haka gidanka ya shiga. Da bene biyu gare ka a kan ƙasa, da tuni na ce ka je ka cike takarda.

Abu biyu ne ke rushe wannan sauƙi. Ɗaya, idan aikin zai taɓa na'urorin tsaro da doka ta ware, irin yayyafin kashe gobara, wanda ba kasafai ake samu a gidan iyali ba. Na biyun shi ne inda nake so ka tsaya: me ya sa za a cire tagar? In sha'awa ce kawai, shi ke nan. In kuwa tagar ta gaza kafin lokacinta, misali an sa ta shekara shida da suka wuce ga shi tana yoyo katakon ya ruɓe, to sai da izini, domin ƙa'ida ta ce taga ta yi aƙalla shekara 15. Ƙasar ta sha wuya da gidaje masu yoyo da aka gina daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon 2000, shi ya sa ba sa wasa da maganar ruwa. Ka sa kafinta ya ɓalle katakon da ke ƙarƙashin tagar, ya soka sukudireba. Idan ta nutse kamar a soso, ku dakata.

Rashin buƙatar izini bai ɗauke maka bin Ƙa'idojin Gini ba. Sashe na 42A na Dokar Gini ya ce aikin ya dace da su, kuma gidan kada ya koma baya da yadda yake. Idan faɗin ƙofar daidai yake da na tagar, bangon ƙasa kawai za a yanke, linta na nan inda take, aikin ya yi sauƙi. Da zarar an ce a ƙara faɗi, an shiga maganar sabuwar linta da ƙarfin bango, a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce. Ni a nan ba na yarda da idon kafinta kaɗai. A kira injiniya. Gilashin ƙofa dole ya zama mai aminci, wanda ba ya tsaga mutum in ya fashe. Bakin ƙofa ya hana ruwa shiga. Idan daga ƙofar zuwa ƙasa za a iya faɗowa mita ɗaya ko fiye, sai an yi shinge. Soket ko waya da ke ƙarƙashin tagar kuma, mai lantarki mai rajista ya matsar da su.

Ka duba takardar mallakarka ma. Idan gidan na cikin rukunin da ake tarayya a fili ko a bango, yardar sauran masu gida ko ƙungiyarsu daban ce da ta hukuma. Gidan da aka sa cikin jerin na tarihi shi ma yana iya buƙatar izinin tsarin gari.

Maƙwabcinka bai yi ƙarya a kan tara ba. Yin aikin da ke buƙatar izini ba tare da shi ba laifi ne a Sashe na 40, tarar na iya kaiwa dala 200,000 ta ƙasar. Amma abin da ya fi cin mutane shi ne ranar sayar da gida: lauyan mai saye ya buɗe fayil ɗin hukuma, zane na nuna taga, ido na ganin ƙofa. Daga nan sai neman takardar amincewa da aikin da aka riga aka gama, wadda hukuma na iya hanawa. Nauyin tantance ko aiki na buƙatar izini a kan mai gida yake, ba a kan kafinta ba.

Da ni ne, zan aika wa hukumar gari zane da hoto in nemi amsa a rubuce. Inda abin ya zo kan gaɓa, sakin layi na 2 na Jadawali na 1 ya ba hukumar ikon yafe izinin idan an nema. In an gama, ka ɗauki hoton kowane mataki kafin a rufe bango, ka haɗa da rasit, ka nemi su sa a fayil ɗin gidan. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka kafin a fasa bangon.