Amsa Ga Ƙanena Kan Zaɓen Tashar Zamiyar Ƙanƙara A Tsaunukan Faransa

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da mutanen gida, na samu saƙonka, kuma na yi farin ciki da jin cewa jami'ar Grenoble ta ba ka gurbin karatun digiri na biyu. Allah Ya sanya albarka, Ya kawo ka lafiya. Ka ce kana so ka ware wani abu daga guzurinka domin hutun hunturunka na farko, ka je ka gwada wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma abokanka sun lissafa maka Chamonix da Val Thorens da Courchevel, kana tambayar wacce ta fi. Shawarata ita ce a shekararka ta farko kada ka zaɓi ko ɗaya daga cikin ukun, domin an gina sunansu ne a kan abubuwan da wanda bai taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafarsa ba, ba zai mora ba.

Chamonix tana gindin Mont Blanc, dutsen da tsawonsa ya haura mita 4,800, kuma a can aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Wuri ne na gwanaye da masu hawan dutse. Gangarorinta a warwatse suke a tsawon kwarin, sai mutum ya riƙa shiga bas daga wannan zuwa wancan, kuma da yawansu suna da tsayi mai firgita sabon shiga. Abin da ake yi mata kirari da shi, wato gangarowa daga ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi mai tsawon mita 3,842 ta kan daskararriyar ƙanƙara mai ramuka, ko ƙwararru da jagora suke yin sa. Val Thorens kuwa tana kan mita 2,300, ita ce tasha mafi bisa a Turai, kuma ita da Courchevel da Méribel suna cikin yanki ɗaya da ake kira Trois Vallées, mai gangarorin da jimillarsu ta kai kilomita 600. Katin hawa keken igiyar da yake kai mutane saman dutse na yini guda a wannan yanki ya haura yuro 70, kuma kilomita 600 ɗin nan ake sayar maka, alhali mai koyo yana kwashe kwanakinsa na farko ne a wani ɗan fili da bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba. Gaskiya ne suna da filayen koyo masu kyau, amma kuɗin masauki da abinci da mota na masu hali ne, musamman a Courchevel, inda har ƙaramin filin jirgin sama aka gina wa baƙi a kan dutse.

Kafin ka dubi sunan tasha, ka buɗe taswirar gangarorinta. A Faransa launi huɗu ake amfani da su: kore ga mai koyo, shuɗi ga wanda ya fara iya juyawa da tsayawa, ja ga wanda ƙafarsa ta zauna, baƙi kuma ga gwani. Abin da ya shafe ka shi ne yawan kore da shuɗi, da ko filin koyo yana kusa da inda bas yake sauke mutane, da kuma ko akwai hanya mai sauƙi ta dawowa ƙasa da yamma. Wannan na ƙarshen mutane suna yawan mantawa da shi. A Les Deux Alpes, alal misali, gangarori masu sauƙi suna can sama ne, waɗanda suke saukowa gari kuwa sun fi tsayi da cunkoso, saboda haka mai hankali cikin masu koyo yakan dawo ƙasa a cikin keken igiyar da ya hau da shi, ba tare da jin kunya ba.

Sa'ar da ka yi ita ce garin da za ka zauna a tsakiyar tsaunuka uku yake, Belledonne da Chartreuse da Vercors, kuma shi ma ya karɓi baƙuncin Olamfik ta hunturu a 1968. Chamrousse, inda ɗan wasan Faransa Jean-Claude Killy ya ci zinare uku a waccan gasa, ba ta wuce kilomita 30 daga gari ba. Unguwanninta suna tsakanin mita 1,650 da 1,750, ƙololuwarta tana wajen mita 2,250, tana da gangarori masu sauƙi a cikin itatuwa, kuma katinta na yini kusan rabin na Trois Vallées ne. Les 7 Laux ma a Belledonne take, ɗalibai suna son ta, ko da yake a ganina ta fi dacewa da wanda ya riga ya fara iyawa. A ɓangaren Vercors akwai Villard-de-Lans da Autrans, garuruwa ne na gaske da mutane suke zaune a cikinsu rani da damina, kuma a Autrans za ka samu zamiyar tafiya a shimfiɗaɗɗen daji, wadda ta fi araha, ta fi kuma sauƙin haɗari. Motocin Transaltitude suna tashi daga tashar bas ta Grenoble zuwa manyan tashoshin yankin, ka tafi da safe ka kwana a ɗakinka. Wannan kaɗai ya cire maka kuɗin masauki, wanda shi ne yake cinye kaso mafi tsoka na irin wannan hutu, domin gidajen haya a kan dutse galibi daga Asabar zuwa Asabar ake bayar da su.

Da ka iso a watan Satumba, ka nemi ƙungiyar wasannin ƙanƙara ta ɗaliban jami'a, wadda ake kira U-Glisse. 'Yan ƙungiyar suna samun katin hawa a farashi mai rahusa a wasu tashoshin kusa, da darussa ga masu koyo, kuma za ka samu abokan tafiya waɗanda su ma yanzu suke farawa. Idan kuma ranka ya nace a kan mako cikakke a kan dutse, ka duba UCPA, ƙungiya ce da aka kafa tun 1965 domin matasa, wadda take haɗa ɗaki da abinci da kaya da kati da malami a farashi ɗaya, sai dai ɗakin na tarayya ne. A shekara ta biyu, idan Allah Ya kai mu, Alpe d'Huez ce zan nuna maka, domin a saman garin, wanda yake kan mita 1,860, akwai faffaɗan fili na koren gangarori da rana take haskawa kusan duk yini.

Tsawon tasha yana da muhimmanci ta wata fuskar. Dusar ƙanƙara ba ta da tabbas yanzu a ƙananan tsaunuka saboda ɗumamar yanayi, har tashar La Sambuy da ke kusa da Annecy ta rufe a 2023, kuma a 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a kan makomar tashoshin da suke fuskantar wannan matsala. Saboda haka idan a farkon Disamba ko ƙarshen Maris za ka je, ka zaɓi tashar da gangarorinta suka haura mita 1,800; idan kuwa Vercors ko Chartreuse ce, ka duba hotunan kyamarar tashar a intanet a daren da za ka tafi, kada ka sayi komai tun da nisa. Batun lokaci kuma gajere ne. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantu wanda aka raba shi shiyya uku daga Fabrairu zuwa farkon Maris, su ne lokutan tsada da dogon layi. Watan Janairu bayan an koma aiki shi ne naka, musamman a tsakiyar mako.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba na jin abokanka sun ambata maka. Ka tabbatar ka san rukunin jininka game da cutar sikila kafin ka taso. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma abubuwa ukun da suke tayar da ciwon, wato sanyi da ƙarancin iskar oksijin da bushewar jiki, duk a kan dutse suke haɗuwa. Zafin yanayi yana raguwa da kimanin digiri 6 zuwa 7 a kowane mita 1,000 da ka hau, ga iska busasshiya, tana tsotse ruwan jikinka alhali ba ka jin ƙishirwa. Idan kai SS ne ko SC, kada ka hau ko'ina sai ka zauna da likita a nan ya ba ka izini, kuma ka cire Val Thorens da Aiguille du Midi daga ranka. Idan AS ne, mafi yawan masu irinsa suna hawa su sauko lafiya, amma likitoci sun san cewa a wurare masu bisa ƙwarai jini yakan toshe a saifa ga wasu daga cikinsu, musamman idan an hau da sauri aka kuma wahalar da jiki. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda ya ji haka ya sauko nan take, ya kira lamba 112, ya kuma gaya wa likita cewa yana ɗauke da drépanocytose, domin da wannan sunan suka san ta, kuma likitan ƙaramin gari a kan dutse ba lallai ne tunaninsa ya fara zuwa can ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son ka fara da tasha mai matsakaicin tsawo, wadda babban asibitin Grenoble yake kusa da ita.

Kada ka yarda aboki ya koya maka. Aboki yakan gaji da jira, ya ce maka shuɗin nan ba komai ba ne, ya kai ka inda ba ka san yadda ake tsayawa ba, kuma a irin nan ne jijiyar gwiwa take tsinkewa, ciwon da yakan kai ga tiyata da watanni na jinya a tsakiyar zangon karatu. Makarantar koyar da zamiya ta Faransa, wato ESF, wadda malamanta suke sanye da jajayen kaya, tana kusan kowace tasha, kuma darasin rukuni ya ishe ka. Abin da za a fara koya maka shi ne ka haɗa kawunan allunan a gaba ka ware bayansu domin rage gudu, sannan yadda ake faɗuwa da yadda ake tashi. A shagon haya za a tambaye ka nauyinka da tsawonka da matsayin iyawarka, ka faɗi gaskiya, domin da su ake saita maƙallin da yake sakin takalmi idan ka faɗi. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, za a ɗaure masa shi tamau, ƙafarsa ta murɗe allon bai sake ta ba. Takalmin yana da tauri da nauyi, ya kamata ya kama ƙwauri da dunduniya ba tare da ya matse yatsu ba. Ka sa safa guda ɗaya doguwa, kada ka ninka biyu, kada kuma ka cusa ƙafar wando a ciki, domin ƙaramin lanƙwasa yakan zama gyambo kafin azahar. Ka karɓi hular kwano, ka sayi safar hannu da ba ta shan ruwa, da tabarau mai duhu sosai, domin farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi, kuma baƙar fatarmu ba ta kare ido da leɓe. Allunan da takalmin haya za ka yi, kada ka saya a shekarar farko.

Akwai kuɗin da bai kamata ka yi rowarsa ba. A Faransa ceto a kan gangara ba kyauta ba ne: idan ka ji rauni ma'aikata suka sauko da kai a gadon da ake ja a kan ƙanƙara, takardar biyan ɗaruruwan yuro za ta biyo ka, idan kuma jirgi mai saukar ungulu ne abin ya ninka, kuma inshorar lafiyar da kake da ita a matsayin ɗalibi ba ta biyan wannan ɓangaren. A wurin sayen kati ana sayar da inshorar yini a 'yan yuro kaɗan, ka ce a haɗa maka. Ka kuma duba ko inshorar ɗakinka ta ƙunshi biyan diyyar ɓarnar da ka yi wa wani, domin ƙa'idar gangara ita ce wanda yake sama shi ke da alhakin kauce wa na ƙasa da shi. Bayan sandunan da suke iyakance gangara kuwa ba wurinka ba ne, can ne zaftarewar ƙanƙara take kashe mutane kowace shekara, har da ƙwararru.

Game da abinci da ibada, ka tafi da shirinka. Girkin mutanen tsaunin nan ya dogara ne a kan cuku da dankali da naman alade: a cikin tartiflette akwai alade, raclette da shi ake kawo ta, fondue kuma da giya ake narka cukunta. Ka yi guzurin burodi da ƙwai da dabino da shayi a fulas daga gida, ya fi tsarki ya kuma fi araha. Da wuya ka samu masallaci a tasha, saboda haka ka fita da alwala, ka nemi wani lungu a ɗakin da aka tanada domin masu cin guzurinsu, wanda tashoshi da yawa suke da shi, ka kuma tambayi malaminku tun a gida hukuncin shafa a kan safa da haɗa salloli ga matafiyi. Azumi a waɗannan shekarun cikin hunturu yake faɗowa, a 2027 ana sa ran farawa wajen 8 ga Fabrairu, kuma ban ba ka shawarar ka haɗa koyon zamiya da ƙishirwar azumi a kan mita 2,000 ba. Ka tsara fitarka a Janairu, ka fara da yini guda a Chamrousse tare da darasin safe, ka bar kwana biyu ko uku cinyoyinka su huta kafin ka koma. Ka aiko mini da sakamakon gwajin jinin da zarar ka karɓa, domin a kansa za mu tsayar da sauran shirin. Ka gaishe mini da su Baba.