Allurar Sinawa da ciwon baya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jinyar soka allurai ta Sinawa za ta rage maka ciwon baya. Tana iya sassauta ciwon da ya daɗe, amma ba ta warkar da suga ko hawan jini, kada wani ya ruɗe ka.

Alluran sirara ne kamar gashi, ana barinsu a jiki kusan minti 20. Ka tabbata a gabanka aka ɓare sababbi daga ledarsu, domin wadda aka soka wa wani tana iya sa maka ciwon hanta. In kana shan maganin tsinka jini, faɗa wa mai aikin tun farko. Idan ƙafarka ta fara sagewa ko fitsari na kufce maka, garzaya asibiti nan take.