Ina furotin ke zuwa bayan ya shiga ƙwayar halitta?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye furotin, yaya take sanin inda za ta kai shi?

Amsa: Ɗiyata, abin da ta haɗiye yakan fara sauka a wata ƴar jaka mai suna endozom, wadda aikinta ya yi kama da na tasha inda ake rarraba kaya. Dubi LDL, mai dakon kolestarol (wani irin maiƙo) a jini: yana shiga ne manne da makarɓinsa, wato furotin da ke cafke shi a fatar ƙwayar, amma da yake cikin jakar akwai ɗan tsami, sai su rabu, makarɓin ya koma fatar ƙwayar don ya ɗauko wani, shi kuwa LDL a wuce da shi wata jakar mai narkar da abubuwa, wato lizozom, a narkar da shi. Binciken wannan hanya ta kolestarol ne ya ba masana kimiyya Brown da Goldstein kyautar Nobel a 1985.