Amsa ga ɗana da ya koma hawan doki bayan ya manyanta

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ina fata iyali suna lafiya, kai kuma Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da na fahimta shi ne, rabonka da sirdi tun kana saurayi, yanzu da ka haura arba'in sha'awar ta dawo. Mai kula da bargar da kake zuwa ya kafa maka sharaɗi: ka goge doki da kanka, ka ɗaura masa sirdi, ka ja shi a ƙasa, in ka hau kuma tafiya kawai, ba sassarfa ba sukuwa, sai ranar da ya ba ka izini. Abin ya yi maka zafi, ka ga an mayar da kai ɗan koyo. Ranar da ba ya nan ka sakar wa doki linzami ka more, washegari ka tashi da ɗan nauyin jiki, kwana biyu da hawan ko tsugunno ya gagare ka. Abokan hawanka kuma suna ce maka al'adar mahaya ita ce maganin tsami a sake hawa, namiji ba ya raki. Shi ne kake tambaya wanne ne al'ada mai tushe a cikin waɗannan, wanne ne faɗar baki kawai, har ka haɗa da batun hawa ta hagu.

To, ni dai ina bayan mai bargar nan, kuma ina so ka ji dalili, ba don kawai shi ne babba a wurin ba.

Wanda ya taɓa iya hawa ba ya mantawa. Hannunka ya san riƙon linzami, idonka ya san doki mai shirin tutsu tun daga kunnuwansa, kana zama a sirdi ka ji kamar jiya ka sauka. Wannan iyawar a ƙwaƙwalwa take, ba ta gogewa da wuri. Amma ƙarfin tsoka ba ya jiran kowa. Daga shekara 30 zuwa sama, tsokar ɗan Adam takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, ya fi tsanani kuma ga wanda aikinsa na zaman kujera ne. Shi ya sa tsohon mahayi da ya dawo yake da nasa haɗarin daban da na sabon shiga. Sabon shiga tsoro yana taka masa birki. Kai kuwa zuciyarka tana ba da umarni irin na ɗan shekara goma sha takwas, cinyar da za ta aiwatar kuma ta ɗan arba'in ce. Mai bargar bai yi shakkar iyawarka ba. Cinyarka da kwankwasonka yake jira su tarar da kai.

Wannan tsamin da ya bari sai kwana biyu sannan ya kama ka, ba sabon abu ba ne. Tun 1902 wani masani ɗan Amurka mai suna Theodore Hough ya yi bayaninsa, ya ce ƴan ƙananan yagewa ne a cikin tsokar da aka sa aikin da ba ta saba ba. Tsamin yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai maƙura tsakanin awa 24 da 72, ya lafa cikin kwana biyar zuwa bakwai. Za ka ji ana cewa wani sinadari ne mai suna laktik yake taruwa a jiki. Ba shi ba ne, wannan yakan washe cikin kamar awa ɗaya da gama aiki. Abin da ya fi jawo tsamin shi ne aikin da tsoka take yi tana riƙe nauyi tana kuma miƙewa, kamar yadda sauke buhu a hankali ya fi ɗaga shi cin hannu. Hawan doki kuwa kusan dukkansa irin wannan aiki ne. Duk takun da doki ya yi a sassarfa sai ya cilla ka sama, sai cinya da gadon baya su tare ka kada ka faɗo tim a sirdi. Lissafa sau nawa hakan yake faruwa a rabin awa. Ga shi kuma ƙafafu a buɗe suke a kan faɗin cikin doki, tsokar matsematsi tana aiki a wani buɗi da ba ta taɓa yin sa a tafiya ko a mota. Shi ya sa nan ne ciwon ya fi zama, sai ƙugu, sai sha-raɓa, sai ƙasusuwan nan biyu na mazaunai da fatarsu ta manta da sirdi.

Yanzu dubi hikimar farawa da tafiya. Doki a tafiya yana yin kimanin kilomita 6 zuwa 7 a awa, taku huɗu a jere, kullum akwai ƙafa a ƙasa, ba cilli. Sassarfa takan kai kilomita 13, sukuwa sosai ta kai 40 ko fiye. A tafiya, bayan doki yana kaɗa ƙugun mahayi gaba da baya da gefe, kusan yadda ƙugu yake motsi in mutum yana tafiya da ƙafarsa, har ma a wasu ƙasashe ana amfani da wannan kaɗawar wajen gashin masu larurar gaɓoɓi. Wato kwankwasonka yana buɗewa a hankali, tsokar ciki tana farkawa, ba tare da an yage komai ba. Akwai kuma abin da ba a gani: tsoka takan yi ƙarfi cikin makonni, amma jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi sai an yi watanni, don jini bai cika isa gare su ba. Mutum zai ji ƙarfi ya dawo alhali jijiyar matsematsi ba ta nuna ba, a nan ake samun ciwon da ke ajiye mutum wata da watanni. Sannu ba ta hana zuwa, ɗana.

Amma abin da ya fi damuna a labarinka, wanda kuma ba ka ambata ba, shi ne dokin. Na sha tsayawa ina kallon mahayin da ya gaji, kuma abin iri ɗaya ne kullum. Cinya tana sarewa sai ya matse da gwiwa. Yana matsewa sai diddigensa ya tashi, likkafa ta fara rawa a ƙafa, jikinsa ya karkato gaba. Daga nan ba shi da abin dafawa sai linzami, sai ya rataya a kansa bai ma sani ba. Ka sa yatsanka a gefen bakin doki wata rana, tsakanin haƙoran gaba da na turmi. Akwai fili a nan wanda ba haƙori, dasashi ne siriri a kan ƙashi, a nan ƙarfen linzami yake zama. Nauyin ƙaton mutum yana sauka a wannan ɗan wuri, sai ka ga doki yana ɗaga kai, yana buɗe baki, yana kaɗa wutsiya, a ce wai ya cika taurin kai. Bayansa kuma yana shan duka daga mazaunan da suka daina tare kansu. Ga shi nauyinmu na manya ba na samartaka ba ne. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne kada mahayi da sirdinsa su wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin doki, wato dokin kilo 400 ya ɗauki kamar kilo 80. Ka auna kanka ka auna sirdin, ka ga inda kake. Tsofaffin mahaya da suka kafa wannan al'ada, rabin tunaninsu a kan dabbar yake. Ita ba ta da bakin da za ta rubuto mini saƙo kamar yadda ka yi, ga shi kuma amana ce a hannunmu.

Goge doki da jan sa ma ba bauta ba ce. Kafin ka gama goge shi tun daga wuya har kuturi, ka ɗaga kofatai huɗu ka duba ko tsakuwa ta maƙale, ka ɗora sirdi, ka ja majayin sirdin kaɗan-kaɗan maimakon ka shaƙe shi gaba ɗaya, jikinka ya yi ɗumi, gumi ya fara tsattsafowa. Shi ma ya shaƙi ƙanshinka, kai ma ka san halin da ya tashi da shi ranar. Haka al'adar a dawo gida da tafiya, kada a shigo barga da doki yana haki. Bugun zuciyar doki in yana hutawa bai wuce 28 zuwa 44 a minti, a sukuwa kuwa yakan haura 200, dole a ba shi lokaci ya sauko. Ka riƙe waɗannan duka.

Hawa ta hagu kuwa tarihi ne kawai. Mayaƙa suna rataye takobi a kwiɓin hagu don su zare da dama, in suka hau ta hagu takobin ba ya shiga tsakaninsu da doki. Takobi ya tafi, al'adar ta zauna, dawaki kuma aka ci gaba da horar da su a haka. Ka bi ta don dokin da ita ya saba, amma ba laifi ba ne a koya masa karɓar mahayi ta dama. Kuma kada ka ji kunyar taka dutse ko kututture ka hau. Hawa daga ƙasa yana murɗa sirdi gefe guda, yana jan bayan doki, yana kuma cin gwiwar hagu ta mai shekaru.

Sai maganar abokanka. Rabinta gaskiya ce. Motsi mai sauƙi yana sassauta tsami, kwanciya ba ta hanzarta warkewa, kuma tsokar da ta sha wannan tsamin sau ɗaya takan samu kariya ta makonni, shi ya sa hawa na biyu da na uku ba sa yin ciwo kamar na farko. In nufinsu ka hau ka yi tafiya ta minti ashirin, ban ƙi ba. In nufinsu ka koma sukuwa da cinyar da ba ta iya tsugunno, sun yi kuskure, don tsokar da ta yi tsami ƙarfinta a rage yake na kwanaki, kuma da ita za ka riƙe kanka in doki ya zabura.

Batun namiji ba ya raki kuwa, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma ba na kiransa al'adar mahaya. Na ga mutanen kirki da ɓoye ciwo ya raba su da sirdi har abada. Ka koyi bambanta tsami da rauni. Tsami yana zuwa a makare, yana kama ɓangare biyu daidai, a cikin nama yake, yana sauƙi in jiki ya yi ɗumi. Rauni kuwa a take ake jin sa kamar an soka abu, sau da yawa gefe ɗaya, da kumburi ko taruwar jini, ko a cikin gaɓa. In ka ji ciwo yana sauka daga baya zuwa ƙafa, ko ƙafa tana sagewa, ko abin ya wuce mako bai ragu ba, ka ga likita. In kuma fitsari ya yi duhu sosai tare da ciwon jiki mai tsanani, kada ka kwana a gida, alama ce tsoka ta lalace har tana neman taɓa ƙoda. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu damar hawa. Irin su ibuprofen da diclofenac suna cutar da ciki da ƙoda, musamman in jiki ba ruwa. A shekarunka ya kamata a auna maka hawan jini ma. Hular kwano kuma ka sa ta kowane hawa, ko da tafiya ce.

Ruwan ɗumi da tausa suna sanyaya ciwon, ka yi su, ka sha ruwa, ka samu barci. Miƙa kafin hawa, masu bincike sun gwada sun ga ba ta hana tsami wani abin kirki, amfaninta buɗe kwankwaso ne a hankali in an dage. Abin da zai yi maka aiki na gaskiya shi ne ranakun da ba ka hau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiya da sauri ta isa ta gyara numfashi. Ka riƙa tsugunno kana tashi a hankali, saukar ta fi tashin amfani. Ka kwanta rigingine ka matse matashi tsakanin gwiwoyi ka ƙirga goma ka saki. Ka kifa ciki ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe. Ka tsaya a bakin matakala da tafin gaba, ka bar diddige ya sauka ƙasa. Hawan kansa ka yi shi sau biyu ko uku a mako, minti ashirin zuwa talatin, da kwanan hutu a tsakani. Lokacin sauka ka cire ƙafa biyu daga likkafa, ka sulmiyo, ka dira da gwiwa a lanƙwashe, don idon sawu yakan sage a sirdi mutum bai sani ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. In ka koma barga, ka faɗa wa mutumin nan da bakinka cewa ka yi sukuwa a bayan idonsa, kafin ya ji a wani wuri. Ku je wurin dokin tare, ka bi gadon bayansa da tafin hannu inda sirdi ya zauna, ka ga ko zai noƙe, ku duba gefen bakinsa da ƙafafunsa ko akwai zafi ko kumburi. In ya ce a huta da shi, a huta da shi. Ka rubuto mini abin da kuka gani, da yadda cinyar take bayan mako guda.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Baffanka