Kankare ba ya hutun Lahadi

Ɗana, na ga saƙonka jiya bayan isha'i, ido ya riga ya yi nauyi shi ya sa ban amsa ba. Ka ce zuba dekin na hawa na farko ya makara da kwana 4 saboda siminti bai iso ba, ka shiga Microsoft Project, manhajar tsara jadawalin aiki, ka gyara ranar, amma cire gorar da ke tokare da dekin da ɗora bulon sama da duk abin da ke bayansu suka tsaya cak inda suke. Ka kuma ce da ka sa jiran kwana 21 tsakanin zuba kankare da cire gora, sai manhajar ta kai ka kusan wata guda. Kana tambaya ko ta lalace ne a sake saka ta. Lafiyarta ƙalau. Abin da ka gaya mata shi ta yi maka.

Na buɗe fayil ɗin da ka turo. Kowane aiki ka buga masa ranar farawa da hannunka, kamar mai cika kalandar bango. Layin nan na tsaye da aka rubuta Predecessors a samansa, inda ake faɗin aikin da kowane aiki yake jira, naka fayau yake tun daga sama har ƙasa, ban da wuri ɗayan da ka gwada. To ina manhaja za ta san cewa birkila ba zai hau dekin da ba a zuba ba? Ita ba ta taɓa taka wurin gini ba. Kuma dubi gefen hagu, za ka ga hoton ƙusa ƙarama a jikin ayyukanka, alamar tsarin hannu ke nan. Tun daga fitowar 2010, sabon aiki a Project yana zuwa ne a tsarin hannu, wato ba ya motsi sai ka motsa shi. Ka zaɓe su duka ka mayar da su tsarin da manhaja ke lissafa musu rana da kanta. Bayan nan ma kada ka koma buga rana, domin duk ranar farawar da ka buga, a ɓoye take ɗaura wa aikin sharaɗin kada ya fara kafin ranar. In aikin baya ya gama da wuri, wannan ba zai matso ba, kai kuma ba ka san abin da ya riƙe shi ba. Rana ɗaya tak nake bugawa da hannu, ranar da aka shiga fili. Sauran duk tsawon aiki ne da abin da yake jira.

Ɗaurin da ke haɗa aiki da aikin da yake jira iri huɗu ne, amma ɗaya ne abincin yau da kullum: wannan ya gama, wancan ya fara. Ana rubuta shi FS. In zuba dekin shi ne aiki na 12, sai ka je layin cire gora, ƙarƙashin Predecessors, ka rubuta 12 kawai, manhaja ta gane. Na biyu shi ne SS, a fara tare ko ɗaya ya ɗan ba ɗaya rata. Ba sai lebura sun gama haƙa ramin harsashi kaf ba kafin a fara zuba kankaren ƙasa. Su yi gaba da kwana 2, masu zuba su biyo su. Na uku FF, wannan ba zai gama ba sai wancan ya gama, kamar fenti na ƙarshe da ɗaura makunnan wuta. Na huɗu SF, a shekaruna na aiki bai fi sau biyu na yi amfani da shi ba: ba a sallami janaretan haya sai wutar gidan ta fara aiki. Ka san da shi, ka wuce.

SS ɗin nan yana da tarko, ka kiyaye. Ka ɗaura farkon filasta da farkon aikin mai wayarin, shi ke nan ka tafi. Mai wayarin ya ce kwana 6, sai ya ci 15. A allon kwamfuta filasta ba ta motsa ba, har ta gama ta bar shi yana fasa bango yana binne bututu. Farkonsu kawai ka ɗaura, ƙarshensa a sake yake. Project ba ya yarda da ɗauri biyu tsakanin ayyuka biyu, don haka ni raba aikin nake yi ɗaki-ɗaki ko hawa-hawa: wayarin ƙasa ya gama, filastar ƙasa ta fara, shi kuma ya hau sama. Layuka sun ƙaru, amma abin da ke fili ke nan.

Yanzu ga kwana 21 ɗinka. Ka rubuta 12FS+21d. Wannan harafi na ƙarshe yana nufin ranakun aiki, kuma kalandar da manhajar ke zuwa da ita ta ma'aikatan ofis ce: Litinin zuwa Juma'a, awa 8, ba Asabar ba Lahadi. Ka gama zuba ranar Litinin da yamma, ta fara ƙirga daga Talata tana tsallake ƙarshen kowane mako, kwana 21 na aiki suka zama 29 a kalanda. Shi kuwa kankare ba ya hutun Lahadi, ba ya zuwa Juma'a, ba ya hawan sallah. Dare da rana yake ƙara ƙarfi muddin akwai danshi a jikinsa. Sai ka rubuta 12FS+21ed, wato kwanakin da ke wucewa ba tsallake. Harafi ɗaya ya dawo maka da kwana 8, kuma gorar nan ta haya ce, kowace rana da kuɗinta.

Kalandar ma ka gyara ta tun kafin komai. Mu muna aiki Asabar. Juma'a rabin yini ce in za a faɗi gaskiya, don wanda ya tafi masallaci ƙarfe ɗaya ba ya dawowa da ƙarfin safe. Ka cire ranakun sallah, ka ƙara biyu a kai saboda yaran da ke tafiya ƙauye. Da azumi awa 8 ba ta samuwa. Watan Agusta a Kano kuwa, duk wanda ya tsara haƙa rami ko zuba dekin bai bar wa ruwan sama gurbi ba, kansa ya yaudara.

Ga inda na fi so ka tsaya ka saurara. Wannan jiran da ake liƙawa a jikin ɗauri, abu ne mara suna. A allo sarari ne kawai tsakanin sanduna biyu, ba mai shi, ba wanda za a tambaya. Don haka ba na saka shi sai inda da gaske ba wanda zai yi komai illa jira, kamar shan iskar fenti kafin shafi na biyu. Jiran injiniya ya zo ya duba rodi kafin a zuba, aiki ne, ka ba shi layinsa da sunansa. Jiran tayil daga Legas, aiki ne, akwai wanda za a kira a waya. Ko kwana 21 ɗin nan ma, ni layi nake ba shi, in kira shi ban-ruwa da jiran ƙarfin kankare, in sa tsawonsa 21ed, saboda akwai lebura da zai riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7 na farko, akwai tankar ruwa da za a biya. Da hunturu in ka yi sake, iska ta busar da samansa, sai ka tarar da shi ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki da rani. Abin da ke cin ruwa da kuɗi bai kamata ya ɓuya cikin alamar tarawa ba.

Kwana 4 na siminti kuwa, kada ka kuskura ka cusa su a matsayin jira. Ka shigar da ainihin ranar da aka fara zuba da ranar da aka gama, ka rubuta dalili a wurin bayani, manhaja ta tura sauran da kanta. Da ka adana kwafin tsarin farko a cikin manhajar kafin a fara aiki, da yanzu sanduna biyu za ka gani, ta alkawari da ta zahiri, kuma ran da mai gini ya ce mu muka ɓata lokaci, takarda za ta yi magana. Ka adana shi yau, ko da a makare.

Sannan ba kowace makara ce ke taɓa ranar miƙa makulli ba. Ka kunna nunin da ke fito da wasu sanduna ja. Su ne jerin ayyukan da ba su da rarar ko kwana ɗaya. In ɗaya ya zame, ƙarshen gini ya zame. Dekin yana cikinsu, don haka kwana 4 ɗin nan sun tafi da gaske. Katangar waje kuwa tana da rarar makonni, a bar ta ta jira. Lissafin nan ba sabo ba ne, tun wajen 1957 kamfanin DuPont na Amurka ya fara amfani da shi wajen tsara gyaran masana'antunsa. Amma jan layin ba ya fitowa daidai sai kowane aiki yana da na gabansa da na bayansa, shi ya sa naka bai nuna komai ba.

Za ka ga ana iya rubuta ragi, kamar 12FS-5d, aiki ya fara kwana 5 kafin na gabansa ya gama. Na taɓa ƙonewa da irin wannan. Wani mai gini ya matsa lamba shekarun baya, yana son shiga kafin bikin 'yarsa, yaron ofis na lokacin ya yi ta zaftare kwanaki har allo ya ba da ranar da ake so, ni ma ban duba ba. Kafinta ya bi takarda ya cire gora a kwana na 9 ƙarƙashin falo mai faɗin mita 6. Da safe na ɗora dogon katako a ƙasan dekin, na ga haske yana wucewa ta gefe biyu, tsakiya ta sauko. Abin da muka kashe wajen gyara ya fi ribar aikin. Kwana 21 ɗin da nake cewa al'adarmu ce a dekin irin wannan. Cikakken ƙarfin da ake auna kankare da shi sai kwana 28, kuma injiniya ne kaɗai zai rage maka, ba kwamfuta ba.

Gobe kafin ka buɗe fayil ɗin, ka zagaya fili da takarda da biro. Ka tambayi kafinta, mai ɗaurin rodi, birkila, mai wayarin da mai famfo tambaya ɗaya: me kake jira kafin ka fara, wa kuma yake jiran ka? Abin da suka faɗa shi za ka zuba a layin da ka bari fayau. Ka same ni a rumfar masu gadi bayan la'asar mu duba tare, ka taho da caja, batirin kwamfutar nan taka ba ya awa ɗaya.