Kafin ka kai katin nan wurin bugawa

Auwalu, na ga saƙonka. Kana tambaya me ya sa sai an kawo mini katin ɗaurin auren ƙanwarka na duba kafin a buga, alhali waya na gyara Turanci da kanta.

Da can, ɗana, goro ake rabawa gida-gida, kuma ɗan aiken da yawun dangi yake magana. Kati goron nan ya gada. Shi ya sa ake sa sunayen iyalai biyu a sama, kuma abin da zai fita da sunan gida, babba ke fara gani.

Ita waya, sau da yawa muddin kalma tana cikin ƙamus, ba ruwanta da inda ka ajiye ta. A katin da ka turo ka rubuta "there daughter". There na nufin "can", their kuma "tasu". Kunne ba ya raba su, sai ido. Ka kuma sa "invites", alhali iyalai biyu ke gayyata, sai ka cire s ɗin.

Babbar masifarmu dai p da f ce, tunda Hausa ba ta raba su. Na taɓa karɓar kati a Tudun Wada, a ƙasa an rubuta "fray for the couple". Pray ake nufi, wato a yi musu addu'a. Fray kuwa rigima ce. Ranar mun sha dariya, amma uban amarya bai ɗaga kai ba har aka shafa fatiha.

Sai "honor" da ka sa. Wannan rubutun Amurka ne, wayarka can ta karkata. Mu na Ingila muka gada: honour, programme. Da shi muka tashi a makaranta, shi muka riƙa gani a jaridar New Nigerian tun da ta fara fitowa a nan Kaduna a 1966. Na Amurkan ba laifi ba ne, kada dai ka gauraya su a kati ɗaya.

A ƙarshen saƙon ka ce in yi maka "borrow" ɗin motata ranar ɗaukar amarya. Hausarka ce ta leƙo, don mu "ara" ɗaya ke gare mu, mai bayarwa da mai karɓa duk ita suke faɗa. Bature ya raba: kai ka yi borrow, ni in yi lend. Zan ara maka, amma Sani ne zai tuƙa. Ka gyara katin, ka kawo mini bayan la'asar.