Me ya hana sojojinmu bin ɓarayi har ƙetaren iyaka?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a yankin Madarunfa, a jihar Maradi ta Nijar. 'Yan bindiga sukan shigo mana da dare a kan babura, su kore shanu, su ɗauki mutane, su tsallaka Najeriya kafin gari ya waye. Me ya sa sojojinmu ba sa bin sawunsu har can, alhali kullum muna jin cewa ƙasashen biyu suna aiki tare?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mana sauƙi. Soja ba ya shiga ƙasar wani da makami sai da yardar hukumominta, kuma irin wannan yarda ba a samunta da tsakar dare, sai dai a ce an riga an rubuta ta tun kafin ɓarna ta auku. Ɓarawon ya san haka sarai, shi ya sa yake ɓuya a dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, ya ratso ta Baban Rafi ko Gabi, ya koma. Iyakar kuwa ta kai kimanin kilomita 1,500, ba ta tsaruwa da shingayen jandarma a Ɗan Isa kaɗai.

Ba a rasa yunƙuri ba. A watan Satumba na 2019, shekarar da dubban 'yan gudun hijira suka kwararo yankin Gidan Rumji, gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo nan Maradi, suka ƙulla yarjejeniyar tsaro da gwamnanmu na lokacin, Zakari Umaru. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka dagula lamarin, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. A watan Agustan 2024 Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je Yamai, aka sake sa hannu a kan takarda, amma a Maris na 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, wadda ko da ma can aikinta bai shafi wannan yanki namu ba.

A ganina, ba rashin tsallakawar ne babban giɓin ba, rashin isar labari ne a kan lokaci. Da kwamandan wannan gefe zai iya kiran takwaransa na Jibiya kai tsaye, ba sai saƙo ya bi ta Yamai da Abuja ba, da sai a tare ɓarayin a inda za su ɓulla. Haka kuma shanun da aka sata ba a daji suke ƙarewa ba, a kara ake sayar da su, man da ake zuba wa baburan kuma a jarka wani yake kai shi. Dillalan shanu da hakimai da ardo-ardo na ɓangarorin biyu, waɗanda yawancinsu dangin juna ne, sun san shaidar da ke jikin kowace saniya, don haka ya kamata a riƙa sa su cikin duk zaman da gwamnoni za su yi.